Wa Ya Tsallakar da Bakwai?

A ajin ƙarshe na wata makarantar 'yan mata a Roni, Malam Daudu mai koyar da lissafi ya gaji da yi wa allo magana shi kaɗai, sai ya fito da tsari: duk wadda hannunta ya faɗa a lissafi za ta riƙe ɗaya mai rauni har zuwa jarrabawar NECO. Ummi Kulsum ta samu Shatu.

Shatu 'yar Fulani ce daga wata ruga ta wajen Gwiwa. Bara ta zauna jarrabawar, komai ya fito ban da lissafi, ga shi makarantar koyon aikin ungozoma da ta ƙwallafa rai a kanta ba ta ɗaukar kowa sai da kiredit a lissafi. Da ƙyar mahaifinta ya yarda ta ƙara shekara guda a gidan goggonta a cikin gari, ya kuma faɗa mata a fili cewa daga wannan babu wata. In ta sake faɗuwa ruga za ta koma, a rufe maganar boko.

Kullum bayan la'asar Shatu kan zo gidansu Ummi Kulsum, su shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ummi Kulsum yarinya ce mai kirki, irin kirkin da wani lokaci yake wuce gona da iri. Ta san Shatu ta girme ta, ta san maimaita aji da ciwo, don haka lallaɓa ta take yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ita kuma Shatu, tun ranar farko ta laƙaba mata "Malama", ba ta ko haɗa ido da ita.

"Kin gane?" Ummi Kulsum za ta tambaya.

"To, Malama. Na gane."

Haka suka ci littafin nan babi bayan babi, ladabi na gaishe da ladabi, babu wadda ta taɓa ɓata wa wata rai. Ummi Kulsum har alfahari take yi a aji cewa tata ɗalibar ba ta da wuyar sha'ani.

Sai aka yi jarrabawar gwaji. Makin da Shatu ta samu, ko mai ƙiyayya da ita ba zai so ya faɗe shi da ƙarfi ba. Ummi Kulsum ta ji zafi sosai, ta kuma ji tsoro, don watanni sun tafi, abin da ya rage kaɗan ne. Da yamma ta zauna tana jiran Shatu, tana shirya kalmomi masu laushi da za ta tambaye ta da su.

A tsakar gidan akwai Hajja Kaka, kakar Ummi Kulsum, tsohuwar Babarbariya da ta zo daga gabas tun tana amarya, har yau harshenta bai saki Barno ba. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa Shatu ta yi sallama.

"Ga baiwata ta iso," in ji tsohuwar. "Ke Bafulatana, ina nonona? Ko shanun naku ma sun gudu sun bar ku?"

"Hajja, yaushe bawa ya fara aiken ubangijinsa?" Shatu ta mayar, ko ɗar ba ta yi ba. "Ku da muka saya da ƙwarya ɗaya ta kindirmo, har aka ba mu gyara."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya, ta jefe ta da ɓawon gyaɗa.

Wannan wasa na Fulani da Barebari kullum ake yin sa a gidan, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Ummi Kulsum ta saba jin sa har ba ta kula. Yau dai ta tsaya ta duba. Yarinyar da ke tsaye tana zuba wa tsohuwa magana ido cikin ido, ita ce za ta zauna a tabarma yanzu ta sunkuyar da kai ta ce "to". Ita kanta Ummi Kulsum jikar Barebari ce, tana da wannan haƙƙi tun haihuwa, amma ta ajiye shi a gefe don tana ganin malama ba ta wasa.

Da suka zauna, ta watsar da kalmomi masu laushin nan. Ta rubuta lissafi a takarda, ekis in an ƙara masa bakwai daidai yake da goma sha biyu, ta tura mata.

"Ungo, baiwata. Na ga takardarki. Ashe kan Bafulatana ban da fura babu abin da yake damawa."

Shatu ta ɗago kai da sauri. Ta dubi Ummi Kulsum, ta dubi Hajja Kaka da ta daina ɓarar gyaɗa tana saurare, sai bakinta ya kufce mata.

"Ai laifin mai koyarwar ne. Wa ya taɓa ganin Babarbariya ta koyar da abu ya zauna? Kullum sai ki ce a tsallakar da bakwai ɗaya gefen, tarawa ta koma ɗebewa. Wa ya tsallakar da shi? Rafi ne a wurin? Kuma don me zai tafi yana tarawa ya sauka yana ɗebewa, aljanu ne suka taɓa shi a hanya?"

Ita kanta Ummi Kulsum ba ta san dalilin ba. Haka aka koya mata, haka ta haddace, kuma yana fitar mata da amsa daidai.

"Tun yaushe wannan yake damunki?" ta tambaya a hankali.

"Tun aji ɗaya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Shatu. Ta ja bakin mayafinta ta share ido.

"Kina barin aikinki ki zauna da ni kullum, ko sisi ba a ba ki. Da wane baki zan ce miki wahalarki ba ta shiga ba? A gidanmu ba a yi wa mai alheri haka. Sai in koma wajen Goggo in yi ta kallon littafin."

Washegari Ummi Kulsum ta tare Malam Daudu a bakin ofis ta yi masa tambayar. Ya ce mata babu abin da ke tsallaka ko'ina, gajeriyar hanya ce kawai malamai suke bi. Bakwai ake ɗebewa a hagu, a ɗebe bakwai a dama, don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, kamar mangala a bayan jaki. Da ta kawo wa Shatu wannan bayani, Shatu ta kalli takardar, ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne ya hana ni barci shekara da shekaru?"

Suka ajiye littafin ajin ƙarshe, suka aro na ƙananan aji, suka faro daga tushe. Karatun ya koma faɗa. Maƙwabta na jin su ta katanga, baiwa na zagin baiwa a kan lissafin kaso da na kusurwa, Hajja Kaka na raba gardama tana ƙara zuga su. Lokaci bai ishe su ba. Akwai babin da ko buɗe shi ba su yi ba, kuma Ummi Kulsum ba ta daina jin ciwon watannin da suka ɓata suna girmama juna ba.

Bayan jarrabawa Shatu ta koma ruga jiran sakamako, damina ta sauka, labari ya yanke. Ranar da sakamakon ya fito Ummi Kulsum ta duba nata, ya yi kyau, amma ta kasa murna. Ta yi ta juya waya a hannu, tana tsoron kira.

Can da yamma wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ana jin kukan shanu daga nesa.

"Malama," in ji Shatu, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ummi Kulsum ta ƙara manna wayar a kunne.

"Kiredit ɗin ƙarshe ne, na can ƙasa, wanda daga shi sai faɗuwa." Sai ta ɗaga murya. "Ki shirya, baiwata. Ke za ki ɗaukar mini akwati zuwa makaranta."