Riƙon Muniru

Issaka da ƙanensa Muniru sun gaji maƙerar ubansu a Zangon Kumasi, wata 'yar rumfa a tsakar gida. Tun tsohon na da rai Issaka ke duka, Muniru ke riƙo. In za a haɗa ƙarfe biyu, Muniru zai zuga wuta har bakunansu su yi fari, ya ciro su da awartaki, ya ɗora ɗaya kan ɗaya a uwar maƙera, Issaka ya sauke masaba. In aiki ya yi kyau, na Issaka ne. In haɗin ya ɓalle, hannun Muniru ne ya yi rawa.

Wata Laraba Kimba, Bazabarme mai kai goro tashar jirgi, ya kawo sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalankensa, ta karye biyu. Sau biyu suna haɗawa tana rabuwa. A gaban Kimba Issaka ya ce, "Ka dai ga abin da nake fama da shi. Ƙato da gemu, riƙon ƙarfe ya gagare shi."

"Yaya, kai ke makara," in ji Muniru. "Ƙarfe na hucewa kana gyara tsayuwa."

"Ni za ka koya wa duka?"

Muniru ya mayar da ƙarfen wuta. A karo na uku ya ciro, ya ɗora, ya jira har wansa ya ɗaga masaba, sannan ya saki awartakin. Gutsure ɗaya ya mirgino ya ƙone Issaka a idon sawu. Muniru ya wanke hannu ya fice.

Kwana uku Issaka na ɗingishi, aiki ya tsaya, don mutum ɗaya ba ya riƙe ƙarfe biyu kuma ya yi duka. Ya rantse ba zai aika a kira ƙanensa ba. Sai ya ƙera zobe mai kauri, ya zura bakunan sandar a ciki, ya buga wani ɗan ƙarfe mai tsini ya matse su gam. Ya sa su wuta tare, ya ciro da hannun hagu, ya daka da dama. Haɗin ya kama, har da zoben. Kimba ya zo ya ɗauki kayansa.

Bayan mako guda Muniru ya dawo daga dako a kasuwa, yana zaton za a ba shi haƙuri. Ya tarar da zobba shida, manya da ƙanana, rataye a ƙusa.

"Ga waɗanda suka gaje ka," in ji Issaka. "Ba su cin tuwo, ba su mayar da magana."

Muniru ya ciro ɗaya, ya jujjuya shi a hannu, ya ajiye. "To, a raba kayan Baba."

Dattawan unguwa suka raba. Issaka ya samu uwar maƙera, Muniru zugazugi da awartaki. Aka ja katanga a tsakiyar gidan, Muniru ya huda ƙofarsa ta wani lungu, ya ƙera nasa zobban. Duk wanda ya kai wa ɗayansu aiki, ɗayan ya daina amsa gaisuwarsa.

Issaka ya rasu a shekarar annobar mura. Muniru ya je sallar jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya dawo ya hura wuta kafin la'asar.