Kuɗin Igiya

Yayana Sama'ilu ya yi shekara ashirin da bakwai yana dillancin shanu a karar Dambatta, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: idan aka ce "an sallama" a gabansa, ciniki ya mutu. La'adarsa tun farko yake faɗa, kowa ya ji. Bayan sallama ko sisi ba ya ƙarawa. Hatta igiyar da za ka ja sanka da ita kyauta yake bayarwa, shi yake tufka abarsa da zaren tsofaffin buhuna a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Mutane kan taso daga Zakirai, su wuce dillalai goma, su tsaya a turkensa saboda wannan. Ba shi da dukiyar da ta kai sunan nan.

Ni ne Kamaruddeen, ƙaninsa, direba. Ni na dame shi da maganar mota, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Na gaji da tuƙa tsofaffin motocin mutane da ke mutuwa a hanyar Makoda da lodin gyaɗa a bayansu. Na ce mu sayi a-kori-kura tamu, sabuwa dal, ni in ja, shi ya huta. Shekara uku muna tara kuɗin riɗi, ya sayar da bijimai shida da ya yi kiwo, ya haɗa da filinsa na bakin titi.

Ranar Talata muka shiga Kano, wani kamfanin sayar da motoci mai bangon gilashi da sanyi kamar randa. Wanda ya tarbe mu sunansa Ikrima, matashi ne mai kwat da turare mai hawa kai, irin masu murmushi da haƙora kawai. Ya nuna mana farar a-kori-kura, kujerunta a cikin leda. Ya ce miliyan goma sha tara. Yaya ya taya sha bakwai. Aka ja, aka ja, aka tsaya a sha takwas.

"Ka sallama?" in ji Yaya.

"Na sallama, Alhaji."

Yaya ya miƙa masa hannu, suka tafa, ya ce Allah ya sa albarka. A wurinsa magana ta ƙare ke nan. Nan take ya sa aka tura kuɗin gaba ɗaya, domin a kara abin kunya ne a sallama maka dabba ka tsaya jan ƙafa. Ikrima ya turo wasu takardu na Turanci, shafi bakwai, ya ce rasit ne. Na ce bari mu kai wa wani ya duba. Yaya ya harare ni.

"Mutum ya ba ni hannunsa, in ce ban yarda ba sai an karanta mini? Ina ka koyi wannan rashin kunyar?"

Ya sa hannu. Na miƙe ina jiran makulli, sai ga Ikrima da wata takardar dabam.

"Saura 'yan ƙananan abubuwa, Alhaji. Miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu."

"Na me?"

Ya fara karantowa kamar mai karanta sunayen 'yan makaranta. Kuɗin ɗauko mota daga tashar jirgin ruwa. Kuɗin duba lafiyarta. Kuɗin cike takardu. Kuɗin wani mai da aka shafa mata don kada ta yi tsatsa, a ƙasar da ruwan sama ke yin wata huɗu ya tafi. Na'urar bin sawu idan an sace ta, wadda ba wanda ya ce yana so. Har makulli na biyu da shimfiɗar taka ƙafa sai da aka yi musu farashi.

"Sabuwar mota ce kuke duba lafiyarta?" na ce. "Da ciwo aka haife ta?"

Ko kallona bai yi ba. Yaya ya ce, a hankali, "Yaro, ka ce ka sallama."

"Farashin mota na sallama, Alhaji. Waɗannan tsarin kamfani ne. Yana shafi na biyar, ka sa hannu."

"To ba ni kuɗina."

"Za a iya. Sai dai za a cire kashi goma cikin ɗari. Shi ma yana shafi na biyar."

Na so in shaƙe shi da ɗan zanen da ya ɗaure a wuya. Yaya ya riƙe ni. Ya yi abin da duk dattijon kara zai yi: idan rigima ta shiga ciniki, ba a jan dabba, ana barin ta a turken mai ita har manya su zo su raba. Ya ce motar ta zauna, zai dawo da shaidu. Ikrima ya ce babu damuwa, ya raka mu har ƙofa yana wannan murmushin nasa. Bai ce mana komai ba game da abin da zaman nata zai jawo, kuma ya sani sarai.

Kwana tara Yaya ya yi yana jiran shaidunsa, liman da sarkin kara. Sai da aka gama cirar gyaɗa a gonar liman, sai da sarkin kara ya warke daga zazzaɓi. Muka ɗauke su a motar haya, dattawa biyu da manyan riguna, muka koma. Aka zaunar da su a benci kusa da banɗaki awa biyu. Da Ikrima ya fito, sarkin kara ya yi masa bayani mai kyau, cewa tun kakanni kalmar sallama ita ce hatimin ciniki. Liman ya ƙara da abin da addini ya ce game da ɓoye wa mai saye gaskiya. Ikrima yana ta latsa waya.

"Baba, na ji. Amma nan ba kasuwar shanu ba ce." Ya juya takardar. "Kuma yanzu akwai kuɗin ajiya, dubu goma sha biyar kowace rana. Kwana tara ke nan."

Sarkin kara ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin ɓarawo mai kujera da fanka ba sai yau. Mai gadi ya nuna mana hanya.

Muka kamo hanyar gida ta Dawanau. Ni dai lissafi ɗaya nake yi, kowace fitowar rana dubu goma sha biyar. Yaya ya fasa rumbu ya sayar da geron da za mu ci. Matarsa Larai ta kawo awakinta huɗu ba tare da an tambaye ta ba, ta ce a je da su, amma kada wanda ya sake ambatar mota a ɗakinta. Duk da haka ranar Asabar da yamma saura dubu ɗari da talatin, kuma babu sauran abin sayarwa sai gonar gado.

Ranar Lahadi na bi Yaya kara. Wajen hantsi Malam Usmanu na Zakirai ya zo, manomi ne da ya yi shekara goma sha biyar yana sayen shanun huɗa a hannun Yaya. Ya zaɓi wani jan sa, aka yi ciniki, mai sa ya ce ya sallama. Malam Usmanu ya biya, ya biya la'ada, ya kama igiya zai ja.

Yaya bai saki ɗaya bakin igiyar ba. Idonsa na ƙasa.

"Saura kuɗin igiya. Dubu biyar. Da na turke, biyar."

Malam Usmanu ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga ba a taya shi ba, sai ya daina. Sannan ya laluba aljihu ya ƙirga dubu goma ya ajiye a ƙasa, ba a hannu ba.

"Ashe har kai, Sama'ilu."

Ya kwance igiyar daga wuyan san, ya yar da ita kan kuɗin, ya ware rawaninsa ya ɗaura wa dabbar, ya ja ta ya tafi da kai babu komai a cikin rana.

Dabbobi goma sha uku suka bi ta hannun Yaya a ranar, kowacce da kuɗin igiya da na turke. Ranar Litinin na je ni kaɗai na biya. Ikrima ya miƙo makulli biyu, ya miƙo hannu kuma wai mu gaisa. Na karɓi makullan na bar hannun a tsaye.

Lahadin da ta biyo baya Yaya ya daina karɓa, ya koma bayar da igiyarsa kyauta. Amma sauran dillalai sun riga sun gani. Yau duk turken da ka je a karar, bayan an sallama sai a ce maka saura na igiya, idan ka yi gardama a ce, "Ai Sama'ilu ne ya fara." Mutanen Zakirai kuwa yanzu a turken farko suke tsayawa, tunda duk ɗaya ne.

Motar tana aiki lafiya, ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. A tashar Makoda 'yan lodi sun sa mata suna, ka ji ana cewa a kai buhunan nan bayan Kuɗin Igiya. Shekara biyu ke nan ina jan ta, Yaya bai taɓa shiga ba. Duk Lahadi zan tayar da ita a ƙofar gida in buɗe masa ƙofa, shi kuma ya ratse ta gefenta da igiyoyinsa a kafaɗa, ya je bakin titi ya tsayar da ɗan acaɓa.