Tayoyin Tashar Ƙanƙara

Mani ya taka sifana da ƙafa, notin ƙarshe ya yi ƙara ya zauna. Ya ja da baya yana kallon a-kori-kurar. Tun da Hajiya Larai ta damƙa masa makullinta bai taɓa ganin ta yi kyau irin na yau ba. Tayoyi baƙaƙe wul masu zane, madubi a gefen direba, waifa biyu, ga jar tukunyar kashe gobara ɗaure bayan kujera. Ko ɗaya a ciki ba nata ba ne.

Kayan fasin ne na tashar Ƙanƙara, wato kayan aro na cin jarrabawar lafiyar mota. Shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji kuɗi sun cika gari, har masinja ya hau sabon babur, amma sabuwar taya ta gagari kowa. An ce jiragen siminti ne suka toshe bakin ruwa a Ikko, kaya ba sa shigowa. Sai direbobin Fijo suka haɗa kai suka samo saiti guda daga Kano, suka ajiye a ɗakin Baba Gide sarkin tasha. Duk wanda fasin ɗin motarsa ya ƙare, shekara ta zagayo, ya zo ya ɗauka, ya ɗaura kusa da wurin dubawa, a duba, ya kwance ya maido. Dokar Baba Gide guda ce: ba a doguwar tafiya da su.

Yau kuwa mota biyu ke jiran kayan. Mai duba motoci sau ɗaya yake zuwa Faskari a wata, shi ya sa Mani da abokinsa Harisu suka fake bayan tsohon siton gyaɗa da ke bakin hanyar Sabuwa. Harisu har ya kwance tayoyinsa don kada a ɓata lokaci, motarsa na zaune kan duwatsu kamar kaza a kan ƙwai.

"Layina ne fa na bar maka," in ji Harisu, yana goge hannu da tsumma. "In ka tsaya shan shayi, har gida zan bi ka."

"Kai motar taka ce, wa zai kore ka?"

"'Yan sandan hanyar Funtuwa. Kaka ta zo, masara ta fito, ni ina zaune wata guda ba takarda? Je ka dawo, malam."

Mani ya shiga ya tayar. Maganar Hajiya Larai ce ke masa yawo a kai. Jiya ya durƙusa a zaurenta, ta ce masa daga bayan labule, "Mani, ni ban san taya ba, ban san birki ba. Takarda na sani. In ka dawo gobe ba fasin, ka ajiye makulli. Ga Sanusi ɗan ƙanena can ya samu lasin yana zaman banza." Hajiya ba ta maimaita magana.

A filin ƙwallon Faskari ake duban. Malam Zailani mai duba motoci dogo ne siriri, farar riga da baƙin wando, ba ya dariya kuma ba ya faɗa. Ya gama da wata tifa da wata ƙaramar bas, sannan ya yafito Mani.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki."

"Barka kadai. Kunna fitila."

Mani ya kunna.

"Sigina. Ta dama. Danna ham."

Ham ɗin ya yi kuka irin na tsohuwar tunkiya. Malam Zailani ya ɗan karkata kai.

"Wannan dai naka ne," in ji shi.

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya zagaya motar yana shurin tayoyin ɗaya bayan ɗaya. A ta gaba ta hagu ya daɗe, har ya sunkuya ya shafa ta. Sai ya miƙe, ya sa Mani ya yi gudu zuwa ragar gola ya taka birki. Nan kam Mani ba shi da fargaba, don jiya wuni ya yi ƙarƙashin motar shi da bakanike. Motar ta tsaya cak.

Malam Zailani ya ɗora takarda kan bonet ya cike ta. Mani ya miƙa hannu biyu. Sai ya ga an ninke takardar an sa a aljihun farar riga.

"Saura wani Harisu Ƙetare. Ina yake?"

"Ya tafi neman mai, ranka ya daɗe. Yanzu zai iso."

"Ni ba zan iya jira ba. Ana jirana a Sabuwa kafin la'asar, kuma ba ni da mota, a bayan tifa na zo. Kai za ka kai ni. In mun isa in buga maka hatimi. Hanya ita ce sauran jarrabawar."

Kafin Mani ya haɗa wata ƙarya, har mutumin ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya.

Suka fita daga gari. Mani na tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, kansa kuwa na gudu. In ya wuce siton, takarda ta zama tasa, makulli ya zauna a aljihunsa. Harisu kuwa ya wuni kan duwatsu ya kuma yi wata guda a gida, ga tayoyin tasha sun sha hanyar Sabuwa mai tsakuwa, Baba Gide ya san abin da zai gaya wa taron direbobi. In kuma ya tsaya, mutumin nan zai ga komai da idonsa, takardar da ke aljihunsa yaga ta ba wuya.

Siton ya bayyana. Ga Harisu tsaye bakin hanya hannu a ƙugu. Da ya hango farar riga a gaban motar sai ya juya baya, ya hau kallon wata gonar dawa kamar shi ya shuka ta.

Mani ya wuce shi kaɗan. Sai ƙafarsa ta taka birkin nan da ya wuni yana gyara. Ya sa ribas, ya karya kan motar ya shiga bayan siton.

"Mi ya faru?" in ji Malam Zailani.

"Ranka ya daɗe, ga Harisun."

Malam Zailani ya fito. Ya kalli mota kan duwatsu. Ya kalli suɗaɗɗun tayoyi takwas jingine da bango, wasu har zare ya leƙo. Ya kalli Harisu, wanda ya cire hula ya rasa inda zai sa ta.

"Kai ne ka tafi neman mai?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka samu?"

"Ban samu ba."

Wata akuya ta leƙo daga cikin siton ta koma.

Malam Zailani ya ɗaga kai ya dubi rana. "Azahar ta yi. Akwai mai buta?"

Harisu ya ruga ya ɗauko. Mutumin ya yi alwala a natse, ya je gindin wata ɗorawa ya zaro ɗan ƙyalle daga jakarsa ya shimfiɗa, ya fuskanci gabas. Gabas kuwa ta sa ya ba motocin baya.

Mani ya kafa jak, Harisu ya kama sifana. Noti na faɗuwa, taya na gangarawa daga wannan mota zuwa waccan. Madubi ya ƙaura, waifa suka ƙaura, jar tukunya ta bi su. Malam Zailani ya idar da farilla ya kawo nafila, ya kawo wata, ya zauna yana jan carbi. Sai da ƙarar sifana ta ɗauke sannan ya shafa addu'a.

Ya zo ya duba motar Harisu daga fitila har birki, bai rage komai ba. Ya sa shi ya sake ɗaure salansar motar da waya ta gaske. Da ya zo kan ta gaba ta hagu ya sake sunkuyawa.

"Ku gaya wa Gide wannan tana sace iska tun watan jiya. Ƙusa ce. A cire ta."

Ya fito da hatimi daga jaka, ya hura masa iskar baki, ya buga wa Harisu. Ta Mani kuwa tana nan a aljihu.

"Mu je," in ji shi.

Suka kama hanyar Sabuwa kan suɗaɗɗun tayoyin Hajiya Larai. Mani ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kauce wa kowane dutse. A haka suka wuce mararrabar Damari. Mani ya riga ya fara shirya yadda zai ajiye makulli a zauren Hajiya ba tare da ya haɗa ido da Sanusi ba.

A ƙofar gidan hakimin Sabuwa Malam Zailani ya zaro takardar, ya ɗora kan gwiwa, ya buga hatimi.

"Birkinka na da kyau. Da waɗannan tayoyin kada ka wuce giya uku, kuma in an yi ruwa ka kwana inda kake. Ranar da taya ta shigo Funtuwa ka gaya wa uwar ɗakinka ta saya. Zan tambaya."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Ya sauka, ya rufe ƙofa, ya yi taku biyu. Sai ya dawo ya sunkuyo ta taga, ya rage murya.

"Ranar Litinin wa ke da layi wurin Gide?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Babbanmu zai zo daga Kaduna duba motar ofis. Fijo ce irin taka." Ya gyara zaman jakarsa. "Ka ce mashi ya sa sunana. Kuma a cire ƙusar nan kafin nan."