Makin da Aka Bayar a Gona

Ha'inci shi ne laifin Malam Muntaka. Shekara biyu yana rubuta wa yara maki a kan abin da bai koya musu ba, har ranar da aka zo dubawa.

Da hantsin ranar yana durƙushe a ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren ƙauyensu, can tsakanin Gezawa da Zakirai, yana dama sodar sabulu a bokiti. Jiya ya kwashe buhunan takinsa daga ɗakin, ya share kashin ɓera, ya wanke kwalabe. Yau ce jarrabawar fita ta kemistiri, ta aikin hannu, wadda kowane ɗalibi zai auna ruwan magani da kansa. Takardar hukuma ta faɗi nauyin sodar da za a zuba, amma sikelin ya yi tsatsa tun bara. Sai ya ɗiba da hannu, kamar mai zuba kanwa a miya, ya duba, ya ƙara kaɗan.

Bai damu ba. Ai an saba. In mai sa ido ya zo, a ba shi fura, a kai shi ofis ya huta, shi kuma ya rubuta amsa a allo, yara su kwafa. Shekarun sun yi tsanani, albashi ba ya kai tsakiyar wata, kowane malami da inda yake raɓewa. Shi gonarsa ya raɓa. Duk Laraba, lokacin da ya kamata a shiga wannan ɗaki, sai ya kora 'yan aji zuwa noma.

Ajin kuwa har da 'yarsa Asama'u. Ita ba ya kai ta gona, ba ya kuma gwada ta. Maki kawai yake cika mata. Yarinyar ta yarda ta iya, ta sa rai da makarantar koyon jinya, wadda ba a shiga sai da kemistiri.

Da ƙarfe goma mai sa ido ta sauka daga kan babur. Mace ce dattijuwa, Hajiya Sakinatu, daga Kano. Ta ƙi furar.

"Na gode, Malam, na karya. Ina rajistar makin yara?"

Ta buɗe, ta bi da yatsa. "Ma sha Allah. Ashe gwanaye ne. To ka tsaya daga waje, su nuna mana."

"Hajiya, ai yaran ƙauye ne, sukan ɗan tsorata. In ina kusa..."

"Wanda ya ci ashirin da takwas cikin talatin ba ya tsoron kwalba. Bismilla, waje."

Ya fita ya tsaya jikin taga.

Yara talatin da huɗu suka tsaya cirko-cirko gaban tebura. Wani ya ɗaga dogon bututun gilashi ya leƙa cikinsa kamar mai duba bakin bindiga. Wata ta riƙe nata a kife. Hajiya Sakinatu ta zagaya sau ɗaya, ta tsaya kan wani dogon saurayi mai suna Kamilu.

"Kai, ba kai ne mai ashirin da tara ba? Me kake jira?"

"Wallahi Hajiya, yau na fara taɓa shi."

"To a ina ka samo makin?"

Kamilu ya saci kallon taga, ya sunkuyar da kai. "A gona. Kunya biyar maki goma. Ni kuwa ina da sauri."

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take.

Asama'u ba ta yi dariya ba. Ta dubi ubanta ta taga, shi ya kau da kai. Sai ta gyara hijabi, ta ɗauki siririn bututun da ake zuƙo ruwa da baki. Ta ga hotonsa a littafi, ta haddace yadda ake yi. Abin da littafi bai gaya mata ba shi ne yadda ruwan ke tahowa da gudu. Ta tsoma shi a ruwan sodar, ta zuƙa da ƙarfinta.

Malam Muntaka ya ga ruwan ya wuce zanen awo da ke jikin bututun, ya buɗe baki zai yi magana, ya makara.

Bututun ya faɗi ya tarwatse. Yarinyar ta kama wuya, ta durƙushe, ƙara ma ta kasa fita.

"Ruwa! Ku kawo ruwa!" Hajiya Sakinatu ta rungumo ta tana wanke mata baki. Ta ɗiga ruwan sodar da ke bokitin a yatsa, ta murza, ta yarfe da sauri. "Inna lillahi! Malam, me ka zuba a nan? Da me ka auna?"

Ya dubi tafin hannunsa. 

A babur aka kai Asama'u asibiti a Gezawa, shi a baya yana riƙe da ita. Bayan azahar uwarta Larai ta iso, mayafi a karkace. Ta leƙa bakin 'yar, ta fito baranda inda yake zaune.

"Malam, an ce wai yaran ba su taɓa shiga ɗakin gwajin ba. Ƙarya ake yi maka, ko?"

"Larai, ki bari tukuna."

"Kai da bakinka ka ce min ita ce ta ɗaya."

"Haka na rubuta," in ji shi.

Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta koma ciki ta ja labule.

Ga abin da ya biyo baya. Yara talatin da huɗu, ba wanda ya ci kemistiri. Iyaye tara suka cire ƙannensu daga makarantar. Takardar dakatarwa ta iso Malam Muntaka kafin gero ya yi kai, bayan shekara goma sha bakwai yana koyarwa. Asama'u ta yi kwana goma sha tara a kwance, jarrabawa shida ta wuce ta, makarantar jinya ta ɗauki 'ya'yan wasu. Wata uku kunu kaɗai ke wuce mata. Muryarta ta dawo, amma a dushe, kuma da ita take gaishe shi kowace safiya: "Ina kwana, Baba." Daga nan ba ta ƙara komai.