Rijiyar Bappa Yari

Shekara ta biyu ke nan ruwa yana ɗaukewa tun hatsi bai fid da kai ba. A Tungar Atiku, wani ƙauye da ke bayan Tozai, rijiyoyi uku sun ƙafe. Ta huɗun kuwa sai mace ta wuni a bakinta kafin ta samu rabin jarka, shi ma jan laka.

Safiyatu 'yar garin ce, amma a Isa take zaune da mahaifiyarta, don a nan ake samun sabis na intanet. Ilimin taswira ta karanta a Sakkwato. Ta intanet ta samu aiki da wasu mutane da ba ta taɓa gani ido da ido ba, masu haɗa manhajar da mutum zai zauna gaban kwamfuta ya riƙa shawagi a sararin samaniya kamar yana cikin kumbo. Nata ɓangaren shi ne fuskar duniyar Mas. Sukan turo mata bayanan tsayin ƙasa, lambobi zalla, kowane wuri da tsayinsa. Ita kuma sai ta gwada kowane ɗigo da maƙwabtansa, ta gano inda gangarensa yake fuskanta, ta mai da shi launi. Abin da ke fitowa hoto ne shuɗi mai ratsin ja da kore. Da shi manhajar ke sanin inda rana za ta haska da inda inuwa za ta kwanta, har tudu ya fito tudu, rami ya fito rami.

Mako biyu abokan aikin suna ce mata hasken bai zauna daidai ba, ita kuma ta rasa inda kuskuren yake. Ba ta taɓa taka duniyar Mas ba balle ta san wane ne tudu, wane ne kwari. Sai ta sauko da bayanan ƙasarsu, daga Isa har Sabon Birni, ta bi da su ta cikin lissafin nata.

Tana cikin duba hoton sai ƙanen mahaifinta ya yi sallama. Bappa Yari mahaƙin rijiya ne, shekara arba'in yana wannan sana'a, ya shigo Isa ne gyaran diga wurin maƙera. Ya sha ruwa, ya leƙo kafaɗarta.

"Mi na wanga, ɗiyata?"

"Ƙasarmu ta, Bappa. Ga gulbi, ga hanyar Tozai."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora kakkauran ɗan yatsansa a kan gilashin kwamfutar.

"To kin kife ta. Wanga kwazazzabon Tunga na, na san kwanarshi. Ke kin maishe shi tudu."

Safiyatu ta dafe kai. Alama ɗaya ce ta juye a lissafin kudu da arewa. Ta gyara, nan take kwazazzabon ya nutse ya koma rami. Don murna ta ƙara ƙarfin gangaren, ta sauko da rana ƙasa-ƙasa kamar ta la'asar sakaliya, don ta nuna masa yadda inuwa ke tafiya.

"Tsaya," in ji shi.

Wani siririn layi ne ya fito, ya taso daga kwazazzabon ya ratsa gonakin arewacin Tunga, inda ido ba ya ganin komai sai shimfiɗaɗɗen rairayi.

"Kakana ya ce rafi na bi ta nan kafin rairayi ya cinye shi. Mun yi ta nema ba mu gane wurin ba. Zana mini shi ga takarda."

Ta zana masa, ya koma Tunga, da mutum tara ya fara haƙa. Rana ta goma sha ɗaya, a zurfin gaba bakwai, ƙasa ta yi sanyi. A gaba takwas ruwa ya ɓuɓɓugo, fari tas. Bappa Yari ya aika a kira Safiyatu, ta hau mashin ta zo ta tarar mata sun yi layi da jarkoki suna guɗa.

Tana nan tsaye, wajen azahar, wani tsohon makiyayi ya iso da shanu kamar ashirin, duk ƙasusuwansu a waje. Ibrahima sunansa, shekara talatin yana sauka a gonar Bappa Yari da rani. Ya tsaya nesa ya yi gaisuwa, bai roƙi komai ba. Bappa Yari ya ja guga da kansa ya juye a komi.

Shanun ba su gama sa baki ba sai ga Kalilu da mutum biyar. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na garin. Bara aka harbe ƙannensa biyu a gona, tun ranar bai sake ajiye bindiga ba.

"Wa ya ce a ba su?"

"Ni," in ji Bappa Yari. "Ni na haƙa ta."

"Ka haƙa wa waɗanda suka kashe Halliru da Usmanu?"

"Kalilu, ka ji tsoron Allah. Ibrahima na wanga. Da nonon shanunshi aka yaye ka."

Kalilu ya hamɓare komin, ruwan ya malale cikin rairayi. Tsohon ya ɗaga sandarsa don ya kora shanun su tafi, sai ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya yi ihu wai zai yi duka. Ya kai masa sara da adda a hannu. Sandar ta faɗi. Ibrahima ya durƙusa yana riƙe da hannun, jini na bin gwiwar hannunsa, yana cewa, "Za ni tafi, za ni tafi." Bappa Yari ya shiga tsakani, Kalilu ya buga masa gindin bindiga a goshi, ya zube. Suka rufe tsohon da sara da duka. Safiyatu ta ruga tana kururuwa, wata maƙwabciyarsu mai suna Binta ta rungume ta ta baya ta danne ta ƙasa.

"Ki rufa wa kanki asiri! Har ke za su haɗa!"

Kafin su bar shi ya daina motsi. Suka kora shanun zuwa cikin gari. Bappa Yari, jini na zuba masa a ido, shi da mahaƙa biyu suka yi wa gawar wanka da ruwan rijiyar, suka yi mata sallah, suka binne ta a gefen gonarsa. Babu wanda ya zo daga gari.

Safiyatu ba ta koma Isa ba, ta zauna jinyar goshin Bappa. Ya je wurin mai gari ya ce a mayar da shanun, a aika wa dangin mamacin da ban haƙuri. Mai gari ya ce za a duba. Rana ta huɗu Kalilu da mutanensa suka ɗaure shanu shida suka nufi kasuwar Bafarawa da su.

Da hantsi ranar, Bappa Yari yana bakin rijiya yana ɗaure ta da siminti, mahaƙa biyu suna ciki, mata kusan ashirin suna layi. Safiyatu tana riƙe masa bokiti. Ita ta fara jin ƙugin, kamar injin niƙa daga nesa. Ta juya arewa ta ga ƙura.

Mashina sun fi talatin, kowane da mutum biyu, wani uku. Ba su tsaya tambaya ba. Harbin farko ya samu Binta a wuya tana sunkuye kan jarkarta, ta faɗo jikin Safiyatu. Mata suka watse cikin gonaki, babu karan da za a ɓuya a ciki, don bana ko karan bai yi tsawo ba. Maharan suka bi su a kan mashin suna harbi. Wata mai goyo ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Rabin mashinan suka wuce cikin gari, ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe daga rumbuna.

Safiyatu ta ja jiki zuwa bayan tulin ƙasar da aka haƙo, ta kwanta rub da ciki. Daga nan tana ganin ƙafafun Bappa Yari. Bai gudu ba. Wani mai jan rawani ya sauko daga mashin ya tsaya gabansa.

"Ina Kalilu?"

"Ya tafi kasuwa."

"Wa ya kashe tsoho?"

"Ni ruwa na ba shi. Ni na rufe shi, ga kabarinshi can. Ku dubi goshina."

"Kana tsaye aka yanka shi kamar rago."

"Na shiga tsakani, ƙarfina bai kai ba. Matan ga ba su san komi ba, ku bar su."

Mai jan rawani ya harbe shi a ciki. Bappa Yari ya zauna a kan simintin da bai bushe ba, yana kalmar shahada. Mutum biyu suka ɗauke shi hannu da ƙafa suka jefa cikin rijiyar. Daga ƙasa mahaƙan nan biyu suka yi ta kiran sunan Allah. Wani ya leƙa, ya zura bakin bindiga, ya yi ta harbi har muryoyin suka ɗauke. Suka jawo Binta da wasu mata biyu suka tura a kai.

Wani ya zagayo bayan tulin ƙasar don ya ɗauki igiya, sai ya taka gyalenta. Ya fizgo ta da gashi ya miƙar da ita. Matashi ne, leɓɓansa sun tsage don ƙishi. Ya ga rigarta jiƙe sharkaf da jinin Binta, ya ɗauka nata ne.

"Wagga ta riga ta mutu," ya ce wa na bayansa. Ya kwaɗa mata gindin bindiga a kunne, ya sake ta.

Ta farka rana ta take tsaka. Babu motsin kowa, sai ƙudaje. Ta rarrafa zuwa bakin rijiya ta kira Bappa sau uku.

Mutum goma sha bakwai aka kashe ranar. Shida daga cikin rijiyar aka zaro su, aka yini ana jan igiya. Da aka gama, dattawa suka ce ba mai iya shan ruwan, aka mayar da ƙasar da aka haƙo aka cike ta. Kalilu ya dawo daga kasuwa da yamma ya tarar gidansa toka, matarsa tana cikin gawarwakin da aka jera.

Bayan mako guda Kalilu ya zo gidansu Safiyatu a Isa. Da rana tsaka ya faɗo gidan babu sallama, bindiga a ƙarƙashin riga. Safiyatu tana zaune a tabarma, kunnenta naɗe da bandeji, kwamfutar a gabanta a buɗe, ko taɓa ta ba ta yi ba tun da ta dawo.

"An ce na'urarki ta nuna wa Yari ruwa. Ki fiddo mini duk wani tsohon rafi da ke cikin daji, daga nan har iyaka. Inda ruwa yake, nan suke."

"Ƙasa kawai take nunawa. Ba ta nuna mutum."

"Ni za ni nemo mutum."

"Wa za ka tarar bakin ruwa, Kalilu? Mai jan rawani? Tsoffi da mata za ka tarar, irin Ibrahima."

"An kashe bappanki kina gani!"

"Ina gani. Ina gani kuma ranar da ka fasa mashi goshi."

Ta miƙa hannu za ta rufe kwamfutar. Ya taka murfin da takalminsa, yatsunta na ciki, ya danna da dukan nauyinsa. Ta ji ƙashin ya ƙarye kafin zafin ya zo. Bai ɗaga ƙafa ba sai da gilashin ya fashe.

"Za ki yi ko ba za ki yi ba?"

Ta girgiza kai. Ya zaro bindigar. Mahaifiyarta ta fito daga madafa da taɓarya tana ihu, ta maka masa a kafaɗa, bindigar ta tashi ta huda kwanon ɗaki. Maƙwabta suka cika gidan, maza huɗu suka danne shi suka fitar da shi yana zage-zage yana kuka.

Washegari ita da mahaifiyarta suka shiga motar Sakkwato. Likita ya ɗora yatsun, biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, kunnen hagu kuma ya toshe har yau. Bayan wata biyu ta ari kwamfutar wata ƙawarta ta ƙarasa aikin da hannu ɗaya. Abokan aikin suka rubuto cewa hasken ya zauna, suka tambaye ta me ya riƙe ta haka. Ta ce rashin lafiya.

Tungar Atiku ta tashi kafin damina, wasu suka koma Isa, wasu suka tsallaka Nijar. Kalilu kuwa an tare shi a hanyar Sabon Birni, shi da mutum uku, babu wanda ya tsira.

Cikin watan bazara wani malamin makaranta ya kira ta daga wani ƙauye kusa da Sabon Birni. Ya ce ya ji labarin abin da ta yi, su ma rijiyoyinsu sun ƙafe, sun binne yara biyu a mako guda saboda gudawa. Ta ce masa ta daina, ta kashe wayar. Ya sake kira washegari, ba ta ɗauka ba. Rana ta uku ta kira shi da kanta, ta tambayi sunan garin da yadda ake rubuta shi.