Kilen da Aka Aika Dumega

Fadila tana shan koko a bakin shagonta na Dogon Dutsi lokacin da labarin ya shigo zauren masu rubuta manhaja na wayarta. Ta karanta sau biyu, kokon ya fita ranta. Wai sabon tubalin ajiyar bayanai da kowa ke yabo yana da aibi: idan aka ɗora shi a kan tsohon, sai ya share duk abin da ya tarar. Shi kuwa ta saka a gyaran wata manhaja da ta kammala jiya.

Gyaran ma ya bar hannunta. Tun da safe ta zuba shi a kile, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake sokawa a ordinata, wato kwamfuta, ta ba direban motar kasuwa ya kai wa Hindatu, sakatariyar ƙungiyar manoma da makiyaya ta Dumega. Haka suke yi kullum, don rezo ɗin intanet na can ba ya iya jan kaya mai nauyi.

A ordinatar Hindatu kaɗai muryar Baba Illo take. Wata uku tsohon ya yi yana bin burtali da sanda, yana faɗin inda gonar wane ta tsaya, inda hanyar shanu ta fara, ana ɗaukar muryarsa. Bara ya rasu. Ga damina ta ƙarato, kuma ba wanda ɓangarorin biyu ke yarda da maganarsa sai shi. Idan muryar ta tafi, Fadila ta san abin da ake fitowa da shi daga ɗaka: adda da kwari da baka.

Ta kira Hindatu har sau tara, waya a kashe. Abin da ya fi tsinka mata zuciya shi ne bakinta: ita ce ta yi wa Hindatu faɗa a kan jan jiki, ta ce duk abin da ta aiko a ɗora shi nan take. Ta sha yi mata gori kuma cewa tana cinye kile kamar gyaɗa, ko ɗaya ba ta taɓa maidowa ba.

Ta hau kabu-kabu ta nufi Dumega. Duk ramin da suka faɗa, sai ta roƙi Allah ya sa motar kasuwa ta lalace a hanya.

Motar ba ta lalace ba. Hindatu ta tarye ta da fara'a.

"Yaya Fadila, tun da hantsi na ɗora shi, kamar yadda kinka ce."

Fadila ta buɗe manhajar. Fayau, ko suna ɗaya babu. Ta zauna a ƙasa, ta faɗi abin da ta yi.

Hindatu ta shiga ciki, ta fito da wani kwanon sha mai murfi. Kile ne a ciki sun fi goma, kowanne da ƙyalle da kwanan wata.

"Ranar farko kin ce in riƙa kwafe komi kafin in taɓa komi. Wajen kwafewa ne ba ni da shi sai a kan kilen da kike aikowa, shi ya sa ban maido miki su ba."

Fadila ta manta ta taɓa faɗin haka. Ta soka na yau a ordinatar. Sai ga tarin Baba Illo, sannan muryarsa, yana cewa a fara daga tsamiya.