Kwantena ta Huɗu

Filin ajiyar Jelle yana ƙarshen unguwar masana'antu, a gindin ganuwar da ke tare teku. Auke ne direban motar ɗaga kwantena a wurin tun kansa bai yi furfura ba, kuma kowa ya san halinsa: azahar na yi zai saƙale ledar burodi da cuku a wuya, ya kama tsani, ya haye jerin kwantenonin kusurwa har saman ta huɗu.

Ba iska yake zuwa sha ba. Daga can kaɗai ake hango tsibirin da aka haife shi. Teku ta yi ta cin tsibirin har aka kwashe mutanensa, aka bar wa tsuntsaye, aka hana kowa taka shi. In ka tsaya kan ganuwa ruwa kawai za ka gani, ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai, hasumiyar coci ma an kulle ta tun da matakalarta ta ruɓe. Kewar wurin nan ba ta taɓa sakin Auke ba, ƙaruwa ma take yi da tsufa.

Sai ƙaramar hukuma ta fito da sabuwar doka. Duk mai ajiye kaya a fili sai ya sabunta lasisi, kuma kada jeri ya wuce kwantena biyu, don guguwar bara ta tuntsurar da wata a kan titi. Auke bai ce dokar ba ta da gaskiya ba. Ya dai daina gama burodinsa.

"Wallahi na roƙe su, mutumina," in ji Jelle, mai filin. "Na ce ina da wani tsohon shamuwa da ya yi sheƙa a sama. Suka ce shamuwa ma ya nemi lasisi."

"Da wannan tumbin ka je roƙo? Ai dole su hana ka."

Ranar dubawa hukuma ta turo wata budurwa, Marrit, da hular kwano da ta fi kanta girma. Ta zagaya fili, ta duba magudanar ruwa da tazarar shinge, ta zo kusurwa ta ɗaga kai.

"Baba, waɗannan biyun na sama sai sun sauko kafin in sa hannu."

"Na sani, 'yata. Ni ne ma zan sauke su. Amma ki hau tare da ni tukuna."

"Doka ba ta yarda in hau ba."

"To ki bar dokar a ƙasa ta jira ki, ba za mu daɗe ba."

Ta kalli Jelle, shi kuwa ya shiga kallon takalminsa. Ta hau.

A sama iska ta kusa ɗauke mata hula. Garin ya washe tas, babu hazo ko kaɗan. Auke ya nuna mata can inda ruwa ya haɗu da sama, ya ciro tsohon madubin hangen nesa daga aljihu ya miƙa mata.

"Ki duba min. Me kike gani?"

"Kai ba za ka duba ba?"

Ya yi ɗan murmushi. "Idon ya isa aikin fili, amma ya daina kaiwa can. An kwana biyu. Ina dai zuwa in fuskanci wurin."

Marrit ta daɗe tana juya madubin. "Ga rairayi. Ga tsuntsaye, kai, kamar an zuba su. Ga wani farin gini."

"Gidanmu ke nan!" Muryarsa ta koma ta yaro. "Mai jan rufi. Babana ne ya jera shi da hannunsa. Tagar sama ta hagu, nan nake kwana."

Ya juyo ya kalle ta, ya ga ta sauke madubin tana murza igiyarsa.

"Faɗa min gaskiya, 'yata. Ba a turo ki nan don ki yi ƙarya ba."

"Babu rufi, Baba. Babu saman ma gaba ɗaya. Bango biyu ne suka rage, ruwa yana wucewa ta tsakaninsu."

Auke ya gyaɗa kai a hankali. Duk wannan hawa da sauka da gwiwa mai ciwo, ashe gidan ya riga shi tafiya, shi kuwa kullum yana nan yana gaishe shi. Ya so ya tambaye ta ko ƙofar na nan, sai ya fasa.

"Sauka a hankali," ya ce. "Ki riƙe da hannu biyu."

Da suka taka ƙasa Jelle ya tare shi. "Bari sai gobe mana, ba gudu za su yi ba."

Auke ya wuce shi. Ya hau motarsa, ya tada ta, ya miƙa hannun ƙarfen sama ya kama kwantena ta huɗu. Hawaye ya hana shi ganin inda zai ajiye ta, sai da Marrit ta tsaya a gabansa tana yi masa nuni da hannu.